Mashigar Mota, Mafitar Ruwa: Rikicin Ƙofar Gida a Bakin Titi

A wa'adin mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da aikin tituna masu tsawon kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomin jihar Kano: tagwayen hanya, da fitilu, da lambatu hagu da dama. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru a yashe, sai bayan 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da 'yan kwangila bakin aiki. A garuruwa irin su Bebeji, Kiru da Tudun Wada, duk inda titi irin na birni ya ratsa, yakan zo wa gidajen bakin hanya da baƙon abu: ramin kankare tsakanin get da kwalta, ga kuma jerin bulon gefen titi mai fenti baƙi da fari. Magidancin da jiya yake shigar da motarsa gida kai tsaye, yau sai ya tsaya yana kallon get ɗinsa daga tsallake.

Maganin da aka saba yi sananne ne. A kira magini, a sayo 'yan buhunan siminti, a fasa bulon da guduma, a jefa ɗan bututu a cikin lambatu ko a cike shi da ɓaraguzai, sannan a zubo gangare daga bakin get har kan kwalta. Kafin la'asar an gama, mai gida ya ce alhamdu lillahi. Kuɗin da ya kashe kaɗan ne, domin ragowar lissafin yana jiran maƙwabta da masu wucewa da titin kansa idan damina ta faɗi.

Aikin da bulo da lambatu ke yi

Injiniya ba ya shimfiɗa titi a baje. Yakan karkata shi kaɗan, kimanin santimita 2 zuwa 3 a kowace mita ta faɗi, don ruwan sama ya gangara gefe. A can bulon gefen titi zai tare ruwan, ya kora shi zuwa ƙofofin da aka bari, ya zuba cikin lambatu. Bulon nan, wanda tsayinsa bai cika wuce santimita 15 ba, shi ne kuma ke riƙe bakin kwalta kada ta riƙa gutsurewa, shi ne kuma iyaka tsakanin taya da ƙafar mai tafiya.

Kwaltar da muke gani 'yar shimfiɗa ce mai kaurin santimita kaɗan. Abin da ke ɗaukar nauyin mota shi ne tsakuwa da marmarar da aka daddanne a ƙarƙashinta, kuma ƙarfinsu yana tare da bushewarsu. Idan gangaren siminti ya tare ruwa a gefen titi, ruwan zai kwanta, ya sulale ta tsagar kwalta, marmara ta jiƙa ta yi laushi. Tayar tifa ta bi ta kai sau ɗari, wurin ya lotsa, kwalta ta dare, rami ya buɗe. Wanda ya lura zai ga cewa ramukan titin cikin gari sukan fara daga gefe, sau da yawa dab da inda aka toshe wa ruwa hanya.

Ruwan kuma ba kaɗan ba ne. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun damina: wajen Doguwa da dajin Falgore ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, alhali a arewacin jihar yakan tsaya wajen 800. Kowace milimita ɗaya da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Fili mai taku 50 sau 50 ya kai murabba'in mita 225. Idan aka kwana ana ruwa mai ƙarfi har milimita 50, abin da ya sauka a wannan gida kaɗai ya haura lita 11,000, wato jarka 450 irin ta 'yan garuwa. A da ƙasar tsakar gida tana shanye wani kaso. Yanzu rufin kwano ne da daɓen siminti, kusan duka ruwan ta wuriya yake fitowa. A lissafa gida hamsin a layi guda, duk lambatu ɗaya suke aika wa.

A nan ne ɗan bututun magini ke cin amanar layi. A ɗauki lambatu mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 60: bakinsa murabba'in santimita 3,600 ne. Bututu mai inci 6 kuwa bakinsa wajen 180 ne kawai, wato kashi ɗaya cikin ashirin. Kuma lissafin bututu ba ya tafiya yadda ido ke zato. In aka rage faɗinsa da rabi, ruwan da zai iya ɗauka yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida. Leda biyu da gorar roba ɗaya sun isa su rufe abin da ya saura. Lambatu tamkar sarƙar rijiya ce, ƙarfinta duka yana wurin da ta fi sirancewa. Gida ɗaya ya shaƙe ta, duk na sama da shi sun shiga ruwa, kuma ba lallai ruwan ya shiga gidan mai laifin ba, domin shi ya ɗaga nasa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga irin wannan a babban sikeli a watan Agustan 2022, lokacin da ambaliya ta lalata yadudduka masu yawa, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa.

Bayan ruwa ya ɗauke, kududdufin da ya rage a bayan gangaren yana da nasa aikin. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi son irin wannan ruwan sama mara zurfi da rana ke bugawa, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai fiffike.

Daga ina gangaren zai ci fili?

Mai gida ba mugunta ce ta sa shi ba. Duk mai gini a bakin hanya yana ɗaga harsashinsa sama da titi, saboda tsoron ruwa, da kuma sanin cewa kowane sabon aiki ƙara wa titi tudu yake yi. Wannan dabara ce mai kyau. Matsalar tana zuwa ne idan aka kafa katanga da get a kan iyakar fili daidai, ba a bar wa mota inda za ta hau ba.

Ƙaramar mota ba ta son hawan da ya fi mita ɗaya cikin kowace mita shida, in ba haka ba cikinta zai riƙa kartar ƙasa. Gidan da ya ɗara titi da santimita 60 ke nan yana bukatar gangare mai tsawon fiye da mita 3 da rabi. Wannan tsawon dole ya fito daga wani wuri: ko daga cikin filin mai gida, ko daga hanyar jama'a. Wanda ya janye get ɗinsa ciki, ko ya bar gangaren ya ci gaba a cikin harabarsa, ya biya daga aljihunsa. Wanda ya zubo shi waje, ya biya da filin da ba nasa ba.

Masu biyan farko su ne masu tafiya a ƙasa. Gangaren da ya gitta hanyar ƙafa yana tilasta wa ɗan makaranta, da tsohuwa mai sanda, da mai turin kurar ruwa su sauka kan kwalta, inda babur da Adaidaita Sahu ke gudu. Mai keken guragu kuwa, irin wanda cutar shan inna ta bar mana da yawa a Kano, karkataccen gangare na iya kifar da shi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a gyara hanyoyin ƙafa da wuraren tsallaka titi yadda za su iya bi, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar wanda ya cika a farkon 2024. Abin lura shi ne, sassauta bulon gefen titi da kansa ba laifi ba ne, domin su aka fara yi wa. Garin Kalamazoo na Amurka ya yi haka a 1945 saboda sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da nakasa, kuma ma'aunin da aka fi bi yau ga keken guragu shi ne hawan mita ɗaya cikin goma sha biyu.

Titin wa ne?

A Ingila, sashe na 184 na dokar manyan hanyoyi ta 1980 ya tsara wannan magana filla-filla. Mai son mashigar mota zai nemi izini daga hukumar da ke kula da titin. Za a zo a duba ko wurin ya yi kusa da kwana ko mahaɗa, da ko akwai bututun ruwa ko wayar lantarki a ƙasa. In an amince, hukumar ko ɗan kwangilar da ta yarda da shi ne zai sassauta bulon ya ƙarfafa daɓen, mai gida ya biya. Bayan ya biya ma, wurin bai zama nasa ba; haƙƙin ƙetarawa kawai ya samu.

Mu ma titunanmu suna da masu su. Hanyar Kano zuwa Zariya da ta bi ta Kwanar Ɗangora ta gwamnatin tarayya ce, haka ma wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Jos. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar FERMA ke da alhakinsu. Titunan jiha suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta jiha da hukumar KARMA, izinin gini kuma a birni na hukumar KNUPDA ne. Titunan cikin gari da magudanansu, kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya mai sauƙi da magidanci zai bi ya tambaya kafin ya ɗauki guduma. Galibi ba ya ganin hukuma sai ranar da aka zo da jan fenti.

Kuma tun kafin waɗannan dokoki malamanmu sun yi magana. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini na mazhabar Malikiyya a littafinsa Al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan, har da shari'o'in indararo da kwata da cin hanya. Ƙa'idar da fiƙihu ya ginu a kai ita ce, mai gida ya fi kowa cancantar amfana da ƙofar gidansa, ya zauna, ya ɗaure dabba, ya sauke kaya, muddin bai cutar da mai wucewa ba. Amfanin nasa ne, hanyar kuwa ta al'umma ce. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Sai dai ba kasafai ake tuna cewa siminti ma yana iya zama abin cutarwar ba.

Yadda ake yinta daidai

Mashiga ta gari ba ta taɓa cikin lambatu. Gada ake ɗora masa: silab na kankare da rodi, mai kaurin kusan santimita 15 ga ƙananan motoci, wanda ya zauna a kan bangon lambatun biyu ya bar ramin yadda yake. A zuba shi gunduwa-gunduwa yadda mutum biyu ko uku za su iya ɗagawa ranar yasa, maimakon falle ɗaya da sai an fasa. A bar 'yan ƙofofi don ruwan titi ya samu shiga. Murfin ƙarfe yana da kyau, amma masu satar ƙarfe ba sa barin sa ya kwana biyu. Kwaɓin da magina suka sani na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu ya wadatar in ba a yi ha'inci ba, a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, a kuma sani cewa kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Bulon gefen titi kuma sassauta shi ake yi, a bar masa ɗan leɓe da zai ci gaba da kora ruwa, ba a tumɓuke shi gaba ɗaya.

Gidan mai, da sito, da injin casa lissafinsu daban ne. A kudancin Kano, da kaka manyan motoci ke shiga lodin masara da shinkafa, kuma silab da aka yi don ƙaramar mota ba zai ɗauki tirela mai tan 30 ba. Ya karye, ya faɗa cikin lambatu, ya zama toshiyar da ta fi ta bututu muni. Irin wannan wuri kwalbati yake bukata, da zanen injiniya.

Mafi arha a duk matakan nan shi ne wanda ake ɗauka kafin a zuba kankaren lambatu. Idan ɗan kwangila ya iso layi, mai unguwa da dagaci za su iya tattara sunayen gidajen da ke da get na mota, a miƙa wa injiniyan aikin, a saka mashigun cikin aiki tun farko. Inda kuma titi ya riga ya kammala, sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma zai iya fitar da zane guda mai shafi ɗaya, da Hausa, a manna a sakatariya, a raba wa magina, a sa kuɗin izini kaɗan wanda ba zai kori mutane ba. Magini abin da aka nuna masa yake zubawa. Gidajen da suka riga suka toshe nasu kuwa, rani ne lokacin gyara, lambatu a bushe, siminti na kamawa da wuri. Wanda ya bari sai Agusta, da maƙwabtansa zai yi maganar a gaban mai unguwa.