Suna Linzami Ne: Me Muke Kiran Sabon Shiga?

Duk shekara idan aka koma makaranta a watan Satumba, makarantun sakandare na Birnin Kudu da Gwaram kan cika da sababbin fuskoki. Za ka ga 'yan aji ɗaya da akwatin ƙarfe da bokiti da yunifom ɗin da ya yi musu yawa, suna ta waige-waige. Kafin su gane hanyar ɗakin cin abinci, an riga an raɗa musu suna. Wani a ce masa juniya, wani je-je-si, wani kuma kai tsaye a kira shi baƙauye. Waɗanda suka daɗe kuwa siniyoyi ne, kuma da yawansu na ganin wannan suna ya ba su lasisin aike da tsawa.

Hausawa na cewa suna linzami ne, wato inda aka ja shi nan mai shi ke bi. Yaron da aka kira da sunan raini tun makon farko yakan koyi yin shiru a aji, ya guji shiga ƙungiyoyi, ya zauna yana ƙirga ranakun da zai zama siniya shi ma ya rama a kan na baya. Don haka tambayar sunan da za a ba sabon shiga da wanda za a ba tsohon hannu ba ƙaramar tambaya ba ce. Abin sha'awa shi ne, ba sai mun je nesa neman amsa ba. Tsangayun da ke unguwanninmu da ƙauyukanmu sun daɗe da tsara nasu matakan, kowane da sunansa.

Tsanin tsangaya

Birnin Kudu na kan hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil ta nufi gabas, kuma gabas, wato ƙasar Barno, ita ce inda masu neman haddar Alƙur'ani suka saba dosa tun zamanin kakanni. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san ƙarar karatun allo da asuba da kuma bayan magariba a gefen wuta. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, mutanen da ke zaune a wurin ba matsayinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne kolo, ƙaramin yaron da aka kawo. Aikinsa babbaƙu, wato sanin haruffa ba wasali, da sunayen da Hausawa suka ba su don su zauna a kai, irin su ambaki da hakuri da lamjaye. Daga nan ya shiga farfaru, ya koyi wasulla, sannan ya fara haɗa baƙi da wasali yana karantawa. Malam ko wani babba ne ke rubuta masa allo.

Idan ya tasa, ya fara rubuta allonsa da kansa, yana wankewa yana ɗora sabon karatu daga ƙananan surori zuwa manya, ya zama titibiri. Gaba da shi akwai gardi, saurayin da karatunsa ya yi nisa, sau da yawa ya riga ya sauke izu 60 ya koma tilawa da hadda. Gardawa ne ke keɓewa a kiskadi, can bayan gari, su yini suna maimaita karatu. Su ne kuma ke biya wa ƙanana karatu idan malam ba ya kusa.

Daga nan sai matakan da shekaru ba sa kai mutum. Alaramma shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani, a al'adar tsangaya kuma har ya rubuta shi da ka, ba tare da duba wani kwafi ba. Kafin ya kai nan sai ya sha zaman darasu, inda yake kawo allon da ya rubuta da ka a gaban malamai, su bi shi baƙi-baƙi, wasali-wasali, suna fitar da kuskure. Gwani shi ne alaramman da ya goge har kuskure ya yi masa wuya, wanda ya san harji, wato sau nawa kalma kaza ta zo da kuma wuraren da ta zo. Can ƙololuwa kuma akwai gangaran, wanda gwanaye da kansu suka sallama masa.

Abin da wannan tsani ke koyarwa

Abu na farko, kowane suna yana faɗin abin da mai shi yake yi ko ya iya. Gaskiya ne kolo da titibiri da gardi suna tafiya da shekaru, amma daga alaramma zuwa sama babu ruwan kowa da furfura. Mutum zai iya shekara 30 a tsangaya bai zama gwani ba, wani kuma ya zama yana da sauran ƙuruciya. Ba kuma mutum ne ke ba kansa sunan ba, sai waɗanda suka riga shi sun gwada shi sun gamsu.

Na biyu, kowane mataki yana da ƙofar fita, kuma kowa ya san inda take. Kolo ya san cewa idan ya iya babbaƙu da farfaru zai wuce. Ba ya zaune ne yana jiran ranar da wani zai ga dama ya ɗaga shi.

Na uku, hawa sama yana zuwa da nauyi. Gardi yana koyar da kolo, alaramma yana duba allon gardi, gwani yana gyara wa alaramma. Girman da ba ya amfanar na ƙasa ba shi da gurbi a tsarin.

Irin wannan tunani ne ake gani a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986. Ana raba masu fafatawa ne bisa yawan izun da suka haddace, kamar izu 10 da 20 da 40 da 60. Sunan rukuninka shi ne abin da ke kanka.

Wannan ba yana nufin tsangaya ba ta da nata matsalolin ba. Akwai gardawan da ke wuce gona da iri wajen horon ƙanana, akwai kuma yaran da bara ta cinye lokacin karatunsu. Su kansu sunayen ba su tsira daga bakin mutane ba. Kalmar almajiri ta samo asali ne daga Larabci, ma'anarta wanda ya yi hijira, a nan don neman ilimi, amma yau da yawa sun mayar da ita sunan mabaraci. Kolo ma wasu sun mayar da shi zagi. Darasin da ke nan shi ne, suna mai kyau yakan lalace idan aka daina mutunta mai shi.

Daga ina siniya da juniya suka zo?

Tsarin makarantun kwana na boko a Arewa ya taso ne a zamanin Turawa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau, kuma an gina ta ne bisa salon makarantun kwana na Ingila. Daga can muka gaji gidajen kwana masu sunaye da firifet da hedboi. A waɗancan makarantu na Ingila akwai tsohuwar al'adar da ta wajabta wa ƙaramin ɗalibi yi wa babba hidima, kamar goge takalmi da haɗa shayi da zuwa aike. Su da suka ƙirƙiro ta sun yi watsi da ita tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980.

A da ana cewa fom wan zuwa fom fayif. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a shekarun 1980, sai aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, kowace shekara uku. A takarda, waɗannan sunaye ne na azuzuwa kawai. A ɗakin kwana kuwa sun zama sunayen masu mulki da talakawansu. Bambancinsu da na tsangaya a fili yake: siniya ba ya faɗin abin da ka iya, yana faɗin daɗewarka ne kawai. Wanda ya yi shekara biyar yana barci a bayan aji siniya ne, daidai da wanda ya yi su yana karatu.

Ba a makaranta kaɗai ake wannan ba. Ku leƙa tashar mota a Birnin Kudu ko Gwaram ranar kasuwa. Yaron da ke koyon tuƙi, yana ɗora kaya yana sa wa taya waigi, wasu na ce masa yaron mota, wasu kuma karen mota. Aiki ɗaya ne, mutum ɗaya ne, kuma gobe shi ne direba. Amma suna na farko ya bar shi a cikin mutane, na biyu ya fitar da shi. Alƙur'ani kansa, a aya ta 11 ta Suratul Hujurati, ya hana jifan juna da miyagun laƙubba.

A wasu wuraren an fi mu lura da wannan. A wasan judo na ƙasar Japan, wanda wani malami mai suna Jigoro Kano ya kafa makarantarsa a 1882, sabon shiga na ɗaura farin bel, ƙwararre kuma baƙi. Sai dai sunan da suke ba matakin farko na baƙin bel ɗin ma'anarsa a harshensu ita ce matakin fari. Wato ranar da ka zama babba, ranar ce aka ce maka yanzu ka fara. Haka ma a tsangaya, wanda ya yi sauka aka ci walima ya san cewa hadda na gabansa.

Idan ku ne masu raɗa suna

Ba ku da ikon sauya sunayen azuzuwa, amma kuna da iko a kan ƙungiyoyinku: ta muhawara, ta wasan kwaikwayo, ta 'yan jarida, ta kimiyya, da ƙungiyar ƙwallon gidanku. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi kan yi rauni ne idan 'yan aji shida suka fita, saboda sun riƙe komai a hannunsu, ƙanana kuma ba su wuce share ɗaki da jera kujeru ba. Tsara matakai masu suna na iya magance wannan.

Kada matakan su yi yawa, uku ko huɗu sun isa. Ku ɗauki ƙungiyar 'yan jarida misali. Wanda ya shigo a kira shi mai koyo. Idan ya kawo labarai uku da aka karanta a asambuli, ya zama mai rahoto. Idan ya yi zango guda yana kawo rahoto, kuma ya koya wa wani sabo yadda ake rubuta labari, ya zama edita. A ƙungiyar muhawara kuma ana iya cewa mai koyo, mai jawabi, sannan jagora. A rubuta sharuɗɗan a manna a bango, domin ɗan aji ɗaya ya san abin da zai yi ya hau, ɗan aji shida kuma ya san cewa shekaru kaɗai ba za su ba shi ba. Ta haka ɗan aji uku mai himma zai iya zama edita, ɗan aji biyar da ya shigo jiya kuma ya fara daga mai koyo ba tare da an ci masa fuska ba.

Ga wata hanya mai sauƙi ta gwada kowane suna kafin ku amince da shi: shin mai shi zai iya faɗinsa a gaban mahaifiyarsa ranar ziyara ba tare da ya sunkuyar da kai ba? Idan ba zai iya ba, ku sake wani. Sannan kada ku ari sunaye irin su alaramma da gangaran don wasa ko ƙawa. Na masu su ne, kuma da wahalar shekaru suka same su. Tsarin za ku ara, sunayen kuwa ku nemi naku.

Haka kuma ku haɗa kowane babban suna da aiki. A al'adar matan Hausawa akwai ƙawancen yaya da ƙanwar rana, inda babba ke ɗaukar ƙaramar da ba danginta ba ta riƙe ta kamar ƙanwa, tana ba ta shawara tana tsaya mata. An bayyana wannan a littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo da aka buga a 1954. Abin da ɗalibai ke kira baban makaranta ko uwar ɗaki ya kamata ya zama haka. Idan ya koma wanki da ɗebo ruwa da ƙwace gari da sukari, an bar sunan an zubar da ma'anarsa.

Sunan ƙarshe

Akwai wani mataki da ke jiran kowa, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an fita, shi ne tsohon ɗalibi. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu na da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ake kira BIKOBA, kuma cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar har da Alhaji Aliko Ɗangote. Duk wani babba da kuke jin sunansa a irin waɗannan ƙungiyoyi ya taɓa zama ɗan aji ɗaya mai ɗauke da akwati, bai san kowa ba. A taron tsofaffin ɗalibai babu siniya babu juniya a ma'anar da kuka sani. Wanda ka aika ɗebo ruwa yana iya zama likitan da zai duba ka, ko shugaban ofishin da za ka je neman aiki, kuma mutane ba sa manta wanda ya kira su da sunan kirki lokacin da ba su da kowa.

Saboda haka, ku 'yan aji huɗu zuwa shida, a taronku na farko na wannan zango ku sa wannan batu a gaba, ku zauna da malamin da ke kula da ƙungiyarku ku fitar da matakai da sunayensu. Ku kuma sababbin shiga, ku tambayi abin da ake bukata don hawa mataki na gaba, ku fara aiki a kai tun yanzu. Gangaran ma da babbaƙu ya fara.