Yadda Ake Auna Ƙarfin Riƙo Tsakanin Ƙwayoyin Furotin

Kusan duk wani aiki da jikin ɗan Adam ke yi, daga motsin tsoka zuwa daskarewar jini a bakin ciwo, ya dogara ne kan yadda wata ƙwayar furotin ke kama wata, ta riƙe ta na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake ta. Masana kimiyya sun daɗe da sanin haka, amma shekara da shekaru iyakar abin da suke iya yi shi ne su gauraya biliyoyin ƙwayoyi a cikin kwalba su lissafa matsakaicin halinsu. Wannan kuwa tamkar mutum ne ya tsaya a bayan gari yana sauraren hayaniyar kasuwa, ya ce zai gane abin da kowane ɗan tireda ke faɗa.

Wahalar ita ce ƙanƙantar ƙarfin. Ma'aunin ƙarfi a kimiyya shi ne niyuton, wanda ya yi kusan nauyin giram 100, watau kimanin ƙwan kaza biyu. Ƙarfin da ke tsakanin furotin biyu kuwa ana lissafa shi da fikoniyuton, wanda shi ne kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan na niyuton guda.

A shekarar 1986 ne aka samu na'urori biyu da suka buɗe wannan ƙofa. Ta farko ita ce matsefatar haske, wadda Arthur Ashkin ya ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. Ya nuna cewa idan aka tattara hasken leza a ɗigo guda, hasken na iya riƙe ɗan mitsitsin dutsen ado na gilashi ko roba a cikin ruwa. In wani abu ya ja dutsen gefe, hasken sai ya yi ta ƙoƙarin mayar da shi tsakiya, kuma gwargwadon nisan da ya goce, gwargwadon ƙarfin da ya ja shi. Sai a 2018 Ashkin ya samu kyautar Nobel saboda wannan aiki, yana da shekara 96.

Da wannan matsefata ce Steven Block da abokan aikinsa suka bi sawun furotin kinesin a 1993. Shi kinesin ɗan dako ne a cikin ƙwayar halitta, yana da ƙafafu biyu, yana kuma tafiya da kaya a kan wasu siraran hanyoyi. Da suka ɗaura masa dutsen, sai suka ga yana tafiya taki-taki, kowane taki nanomita 8. Sai ya yi taki wajen dubu goma kafin ya ƙetare kaurin silin gashi ɗaya. Daga baya an gano cewa jan fikoniyuton 5 zuwa 7 yana tsayar da shi cik.

Na'ura ta biyu, madubin ƙarfin atom, Binnig da Quate da Gerber ne suka ƙera ta. Ba ta gani da haske, lalube take yi da wani ɗan tsinke mai lanƙwasa, kamar yadda makaho ke gane hanya da sandarsa. Akan manna furotin ɗaya a bakin tsinken, ɗayan kuma a kan faranti, a haɗa su, sa'an nan a ja har su rabu. Lanƙwasar tsinken ita ke nuna ƙarfin. A 1994, ƙungiyar Hermann Gaub a Munik ta ƙasar Jamus ta raba furotin abidin da sinadarin biyotin a kan fikoniyuton 160.

Sai dai wannan adadi yana iya ruɗar mai karatu. A 1999 Evan Evans da abokansa suka nuna cewa irin wannan riƙo ba shi da ƙarfi tsayayye: in an ja a hankali yakan ɓalle a kusan fikoniyuton 5, in an fizga kuwa yakan kai 170. Dalili shi ne ƙwayoyin ruwa ba sa daina bugun furotin, don haka ko ba a ja ba, riƙon zai saki wata rana; jan gaggauta masa yake yi kawai. Saboda haka duk adadin da aka bayar ba tare da saurin jan ba, rabin bayani ne.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne akwai riƙon da ke ƙara daɗewa idan an ja shi, kamar zarge. A 2002 aka nuna haka a furotin FimH na baktiriyar E. coli, wadda ke haddasa yawancin cututtukan mafitsara. Kwararar ruwan da ya kamata ta wanke ta, ita ke sa ta ƙara maƙalewa, shi ya sa masu haɗa magunguna ke neman sinadarin da zai toshe bakin wannan furotin.

Zazzaɓin cizon sauro ma ya shiga wannan bincike. A 2014, masana a Kembrij ta Ingila sun kama ƙwayar cutar da matsefatar haske, suka manna ta a jikin jar ƙwayar jini, suka tarar sai an yi jan kusan fikoniyuton 40 kafin ta saki. Sun kuma maimaita gwajin da sinadaran da ke hana ƙwayar shiga jini, domin su ga yadda kowanne ke raunana riƙon.