Silo Da Taimin: Wanne Ake Fara Gyarawa?

A cikin tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, akwai ayyuka guda biyu da ba su rabuwa, watau saita silo da saita taimin. Na koyi kaɗan daga cikin aikin a garejin kawuna lokacin dogon hutu, shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Silo shi ne gudun inji sa'ad da mota take tsaye ba a taka totur ba, galibi juyi 800 zuwa 900 a minti ɗaya. Taimin kuwa shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta. Ana so wutar ta tashi dab da fistin zai kai ƙoli, don mai ya sami zarafin kamawa. A irin waɗannan injuna tazarar takan kama daga digiri 5 zuwa 10. Makanike yakan sassauta notin distirbuta, ya haska alamar da ke jikin fule da fitilar taimin, yana murɗawa a hankali har alamar ta zauna inda ake so.

To, ga inda gizo ke saƙar. A cikin distirbuta akwai waɗansu 'yan ƙarafa biyu masu sifirin. Da zarar inji ya ƙara gudu sai su buɗe, su sa wuta ta riƙa tashi da wuri. Saboda haka idan silo ya hau, abin da fitila ta nuna ƙarya ne, don ƙarafan nan sun riga sun sa hannu. Haka kuma in aka murɗa distirbuta wuta ta yi gaba, silo ma sai ya ƙara hawa. Kowanne yana tura ɗan'uwansa.

Mai gaggawa sai ya mayar da wuta baya har inji ya lafa, ya karɓi kuɗinsa. Ni a ganina wannan zalunci ne. Motar za ta rasa ƙarfi, ta yi ta shan mai, ta kuma ɗauki zafi har lagireto ya tafasa. Direban haya da ya ɗauko fasinja, a tsakiyar daji abin zai same shi.

Kawu ba ya taɓa distirbuta sai inji ya yi ɗumi sosai, cok ya buɗe gaba ɗaya. Sa'an nan ya duba wayar totur, don wani lokaci ita ce ta ɗaure ba ta komawa. In ba ita ba ce, sai neman inda iska ke satar hanya. Nan ne aikin yake. Iskar da ta shiga ta tsagaggen tiyo ko ruɓaɓɓen gasket ba ta bi ta ƙofar kafireto ba, don haka ko an kwance sukurun silo har ƙarshe inji ba zai sauko yadda ya kamata ba. Yakan kasa kunne ya ji inda ke huci kamar kumurci, ya riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya, har da babban da ke zuwa burki. Wanda aka matse murya ta sauya, shi ne ɓarawon.

Akwai kuma siririn tiyo da ya taso daga kafireto zuwa distirbuta. Galibi akan cire shi kafin a haska fitila, amma dole a toshe bakinsa, in ba haka ba makanike da kansa ya buɗe wa iska sabuwar ƙofa.

Sai silo ya sauko sa'an nan a saita taimin, a ɗaure noti, a mayar da tiyo, a sake daidaita silo da sukuru, a kuma haska fitila sau ɗaya don tabbatarwa. Motocin yanzu kwamfuta ce ke yi musu wannan lissafi, amma tsagaggen tiyo yana ruɗa ta ita ma.