Na'urar Tantance Ƙura da Iskar da Ake Shaƙa a Panshekara

Sanin kowa ne cewa da zarar hunturu ya kama, hazo yakan lulluɓe Kano. Yawancin ƙurar nan iska ce take kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Amma mazauna Panshekara, waɗanda suke maƙwabtaka da masana'antun Challawa, suna haɗawa da hayaƙin injuna da na janareto da na manyan motoci. Haka abin yake a Sharaɗa da Bompai. To, yaya za a raba kason hamada da na masana'anta?

Masana suna farawa ne da girman ƙwayar ƙura. Ma'auninsa shi ne maikiron, watau kashi ɗaya bisa dubu na milimita. Kaurin gashin kai guda yakan kai maikiron 50 zuwa 70. Ƙwayar da ta haura maikiron 10 galibi a hanci da maƙogwaro take maƙalewa, amma wadda ba ta kai maikiron 2.5 ba takan zarce har cikin lungunan huhu, ta tayar da asma da ciwon zuciya. Hayaƙin ƙonuwa kusan duk cikin wannan rukuni yake, alhali ƙurar hamada ta fi yawa a cikin manya.

A shekarar 1945 wani masani a Ingila mai suna K. R. May ya ƙera na'ura mai hawa huɗu don wannan aiki. Hikimarta ta yi kama da shiƙar hatsi, inda tsaba take faɗuwa, ƙaiƙayi ya bi iska. Famfo yana zuƙo iska ta wata 'yar kafa, ta tunkari faranti, tilas ta karkace. Ƙwaya mai nauyi ba ta iya shan kwanar, sai ta doki farantin ta manne. Mara nauyi kuwa ta bi iska zuwa hawa na gaba, inda kafar ta fi tsukewa, gudun iskar ya ƙaru. Daga ƙarshe kowane faranti yana ɗauke da ƙura mai girma iri guda, a auna ta, a binciki sinadaranta.

An ci gaba da kyautata ƙirar. A 1958 Andersen ya fito da mai hawa shida a Amurka, kowane hawa da ƙofofi 400. A 1991 Virgil Marple da abokan aikinsa na Jami'ar Minnesota suka bayyana wata mai ƙofofi har 2,000 a hawayen ƙasa, faranti kuma yana juyawa don kada ƙura ta taru wuri guda.

Yanayin Kano yana da nasa sharuɗɗa. Na farko, busasshiyar ƙwaya takan doki faranti ta yi tsalle ta faɗa hawan ƙanana, a ɗora wa hayaƙi laifin hamada. Maganin wannan shi ne shafa wa farantin maiƙo. Na biyu, ranar hazo mai kauri faranti yakan cika da wuri, don haka akan ɗora wani mazurari a gaba wanda yake wulwula iska ya zubar da manyan ƙwayoyi. Na uku, idan ƙarfin lantarki ya ragu, zuƙar famfo takan ragu, girman da kowane hawa yake kamawa ya sauya. Batir da ma'aunin zuƙa su ne kariya.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙananan ƙwayoyin nan na shekara ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli a Nijeriya, tana bukatar sahihin awo kafin ta tuhumi wata masana'anta. Ɗalibin da ya riƙe lissafi da fiziks da kyau yana iya zama mai ƙera na'urar da za ta jure hunturun Kano.