Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Aikin Ɗakin Tiyata a Sakkwato

Idan aka yi wa mutum aiki ya warke, likitan tiyata kaɗai akan yaba wa. Lalle a nan akwai gyara.

Mu duba Asibitin Noma da aka buɗe a Sakkwato a 1999, inda ake gyaran fuskar yaran da cutar da likitoci ke kira noma ta cinye wa leɓe ko kunci. Sau da yawa tabon yakan ɗaure muƙamuƙi har baki ya kasa buɗuwa. Kafin wuƙa ta taɓa yaron, sai likitan sa barci ya zura masa bututun numfashi, galibi ta hanci. In iska ta yanke, ƙwaƙwalwa takan lalace cikin 'yan mintoci, gwanintar mai fiɗa kuwa ta tashi a banza. Haka nan nas ce ke ƙirga auduga kafin a ɗinke, kada a manta wata a ciki.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2008 cewa kowane ma'aikaci ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka. Manufar ita ce ƙarami ya iya magana in ya ga kuskure, babba kuma ya saurara, domin ran yaron yana hannunsu duka.