Yadda Ake Gina Fuska da Naman Mai Ita

Rauni iri biyu ne a wurin likitan tiyata. Akwai wanda nama ya tsage kawai, a haɗa bakinsa a ɗinke. Akwai kuma wanda naman ya tafi ɗungurungum, babu abin da za a jawo a rufe. Idan irin na biyun ya sami mutum a cinya ko gadon baya, da sauƙi. Idan kuwa a fuska ne ko wuya, lamarin ya yi nauyi, domin ta ɗan wannan fili mutum ke numfashi, da tauna, da haɗiya, da magana, da shi kuma jama'a ke gane shi.

Masu cin fuska suna da yawa: kansar baki da harshe da maƙogwaro, ƙarin da ke kumbura muƙamuƙi har sai an yanke ƙashin, haɗarin mota da babur, harsashi, ƙuna. A ƙasar Hausa akwai kuma cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Tana farawa da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe da hanci, ta kai ga ƙashi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara kusan 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma har tara cikin goma na iya rasuwa idan ba magani. A Disamban 2023 ne hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Waɗanda suka rayu su ne ake gani a Asibitin Yara Masu Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar MSF kuma ke tallafa masa tun 2014, da cibiyar ƙungiyar Sentinelles a Damagaram.

Mai karatu zai ce, to a yi dashen fata mana, irin na masu ƙuna. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Fatar da aka feƙe daga cinya ba ta zuwa da jininta. Kamar reshe ne da aka sare aka kafa: sai ƙasar ta yi kyau zai yi saiwa. A kan tsirarin ƙashi ba ta kamawa, haka a naman da gashin cutar kansa ya busar, balle a ramin da ya zarce har cikin baki, inda babu abin da za ta kwanta a kai. Ko ta kama, ƙanƙancewa take yi. Shi ya sa ake ɗauko faci mai jijiya, wanda likitoci ke kira filaf: yankin fata da kitse, wani lokaci da tsoka ko ƙashi, tare da jijiyar da ke kai masa jini da wadda ke kwashewa.

Kuma rufe rami daga waje bai isa ba. Kunci da hanci hawa uku ne: shimfiɗar ciki mai laushi da ke jure yawu, ƙashi ko guringuntsi mai riƙe siffa, sannan fatar waje. Wanda ya gyara waje ya manta ciki, bayan 'yan watanni tabo zai janye aikin duka ya murɗe.

Dabarar faci mai jijiya ta tsufa. Mutanen Indiya sun daɗe suna gina hanci da fatar goshi, a juyo ta ƙasa gindinta na maƙale tsakanin gira. Labarin ya isa Landan a wata mujalla a 1794, kuma har yau babu abin da ya fi goshi kyau ga hanci. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na Bolonya a Italiya ya rubuta yadda ake yi da fatar damtse, a ɗaure hannun majinyaci a kansa makonni har naman ya kama. Harold Gillies, a asibitin Sidcup na Ingila da aka buɗe a 1917, ya riƙa naɗe fata kamar bututu yana matsar da ita zango zango zuwa fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Likita Bakamjian ya zo da facin fatar ƙirji da kafaɗa a 1965, likita Ariyan kuma da na tsokar ƙirji a 1979. Duk waɗannan gindinsu a maƙale yake, iyakar tafiyarsu a zango guda tsawon jijiyarsu.

Babban sauyi ya zo ne da aka iya yanke jijiyar gaba ɗaya, a kai naman zuwa fuska, a sake haɗa ta da jijiyoyin wuya. Faɗin jijiyoyin bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma ake ɗinke su, da zaren da ya fi gashi siranta. Daga nan jiki duka ya zama wurin ɗiba. Fatar hannu, daga wuyan hannu zuwa sama, siririya ce mai lanƙwasuwa, ta dace da harshe da cikin baki; likitocin Shenyang a ƙasar Sin suka bayyana ta a 1981. Gefen cinya yana ba da nama mai yawa, tabonsa kuma wando na rufewa. Muƙamuƙi kuwa, siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ake ɗauka. Ba shi ke ɗaukar yawancin nauyin jiki ba, ana samun kusan santimita 25, a datsa shi wuri wuri a lanƙwasa ya yi siffar haɓa, har a dasa haƙora a kai daga baya. Ian Taylor na Melbon ya fara dasa shi a 1975, David Hidalgo na New York ya mai da shi muƙamuƙi a 1989. Naman ba ya manta asalinsa: namijin da aka sa wa fata mai gashi a cikin baki, gashin na iya ci gaba da tsirowa a can.

Aikin kan ci awa 6 zuwa 12, amma kwana uku na farko bayansa su ne abin tsoro. Gudan jini ƙanƙani ya toshe wurin ɗinkin, naman ya fara mutuwa, kuma awanni kaɗan ake da su a koma ɗakin tiyata. Saboda haka nas ke duba shi kusan duk awa, dare da rana. Littattafai sun ce a kula da launi: ya yi fari da sanyi, jini ba ya shiga, ya yi shuɗi ya kumbura, ba ya fita. A baƙar fata irin tamu wannan alama da wuyar karantawa, sai a dogara da ɗumi, da na'urar sauraren bugun jijiya, da tsira allura a ga irin jinin da zai fito. Ja garau, lafiya. Baƙi mai saurin zuba, ya taru. Babu ko ɗigo, a tashi likita. A wasu asibitocin Turai har matsattsaku ake sawa ya tsotse jinin da ya taru. Inda duk wannan ya cika, fiye da 95 cikin 100 na kamawa.

A ganina, a nan ne ya kamata a yi hattara da ɗokin sabon abu. Aikin madubi yana son wuta marar ɗaukewa, da jini a ajiye, da ma'aikatan jinya da suka saba, da likitan da zai amsa kira ƙarfe uku na dare. Inda likitoci ke zuwa na 'yan makonni su koma, facin goshi, ko na ƙarƙashin haɓa, ko na ƙirji da kafaɗa, ya fi zama abin dogara, ko da zai sa a shiga tiyata sau biyu ko uku. Daidai ruwa, daidai tsaki. Su ma da nasu farashin: tabon ƙirji ga yarinyar da ba ta gama girma ba abu ne da dole a zauna da iyayenta a kansa tun kafin a kama wuƙa.

Hotunan kafin aiki da bayansa ba sa nuna abin da ya fi wahala a noma, wato ƙullewar muƙamuƙi. Tabo kan ɗaure baki, wani lokaci ƙashi ya haɗe da ƙashi, har yaro ya shekara da shekaru yana tura kunu ta ramin kunci. Sa irinsa barci ma haɗari ne, sai a bi ta hanci da siririyar kyamara a shigar da bututun numfashi. Ba a kuma gaggawa: sai cutar ta lafa, tabo ya zauna, an ciyar da yaron ya murmure, abin da kan kai shekara. Bayan an saki muƙamuƙin, majinyaci zai yi watanni yana motsa shi kullum, ana jera 'yan sandunan katako tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya bayan ɗaya. Da zafi, kuma a ƙauye za a ci gaba da yi, nesa da asibiti. Idan aka bari, bakin kan sake rufewa, komai kyan facin da ke kunci.