Tsire-tsiren da Suka Dace da Tafkin Kifi

'Yan'uwa manoma, bayan an haƙa tafki an zuba kifi, sai a tuna da tsire-tsiren ruwa. Suna ba kifi inuwa da maɓoya, saiwarsu kuma tana riƙe gaɓa. Amma ba kowane ne ya dace ba.

A bakin gaɓa mun fi son burugu. Yana hana ƙasa zaizayewa, da rani kuma a yanka wa dabbobi. A tsakiya sai bado, gindi biyu ko uku. Faffaɗan ganyensa yana sanyaya ruwa, mutane ma suna cin 'ya'yansa da saiwarsa.

Kainuwa fa sai da lura. Tana yaɗuwa da sauri, in ta rufe ruwa, rana ba ta shiga, iskar da kifi ke shaƙa sai ta ragu. Shi ya sa za ku ga karfasa da asuba ta taso sama tana buɗe baki. Akwai kuma wani irin sauro da 'ya'yansa ke maƙalewa a saiwarta. In za ku sa ta, ku killace ta da gora a kusurwa ɗaya. A ganinmu, kada ganye ya rufe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafkin.

Biyu kam kada su shigo ko kyauta aka ba ku. Ta fari kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cin dawa da shinkafa. Ta biyu ita ce mai shawagi da kumburarren ƙashin ganye da fure ruwan shuni. Asalinta Amurka ta Kudu, an gan ta a Badagiri a 1984. Kyan furenta ke ruɗin mutane.

Ba sai kun saya ba. Ku nema a tafkin wani ɗan ƙungiya wanda kifinsa ke lafiya, ko a fadama kusa. Sai dai katantanwa mai ɗauke da cutar tsargiya tana bin ganye ta shigo. Don haka kada a aiki yara cikin ruwa, babba ya je da takalmin roba. A wanke tsiron, a ajiye shi cikin baho mako biyu, ana duba bayan ganye ana cire katantanwa da ƙwanta, kafin a dasa.